Muryar Baba Zuwa Arlit

Lahadi, 3 ga Maris 1985, bayan la'asar

Na samo wannan kaye, littafin rubutu, cikin akwatin marigayi maigidana, Mushe Ishaƙu, wato Malam Ishaƙu a bakin 'yan boko. Shafi uku kawai ya rubuta a ciki. Barin takarda fara almubazzaranci ne, don haka zan cika ta.

Mu uku ne a gidan nan na Tasawa. Ni, da Baba da na ɗauko daga Bawdeta tun da kaka ta zo ba a yanki zangarniya ko ɗaya ba, da kuma Maharazu. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa da baki, amma takarda ba ta da kunne. Wata biyu ke nan da dawowarsa daga Yamai. Aikin na'urorin sauti yake yi a can, yanzu ba ya yi. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Jar dawar taimako muke ci, muna ƙoshi daidai gwargwado. Alhamdu lillahi.

Yau Baba ya ce yana son aika wa Salifu magana. Salifu ƙanena ne, yana Arlit, shekara goma sha ɗaya bai tako gida ba, tun abin rumbu. Na ɗauko biro na ce, "Faɗi, Baba, in rubuta."

Ya ce, "Wasiƙa nawa kika yi mashi?"

Na ce goma sha huɗu.

"Nawa ya amsa?"

Na ce ko ɗaya.

Ya ce, "In ya ga hannunki ya san wa'azi ne. Muryata nake so ya ji, tun ina da ita."

Ni ban ga laifin wasiƙuna ba. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, kuma babu kuskuren rubutu ko ɗaya.

Mai Nasara direba zai hau Arlit Lahadin ƙarshen wata. Ya ce daga ita ba shi da wata tafiyar arewa, don za a sa motarsa jigilar hatsin taimako. Kenan mako huɗu ke gare mu mu sa muryar Baba a kaset.

Litinin, 4 ga Maris, da hantsi

Mun gwada manyeton gida, wato rakodar kaset. Tun ciwon ƙirjin da ya yi, muryar Baba ta koma kamar ta mai raɗa. Da aka juyo kaset muka ji kaza, muka ji taɓaryar maƙwabta, muka ji ni ina hana kazar shiga ɗaki. Baba kam babu shi.

Maharazu ya ce sai an yi wani ɗan akwati da zai ɗaga muryar kafin ta shiga manyeto. Ya ce babu kayan haɗa shi a garin nan, sai dai in zan bar shi ya buɗe tsohuwar rediyon ubansa mai akwatin katako, ya ciro lampu guda daga ciki. Na ce rediyon nan tun rasuwar mai ita nake share ta kullum. Ya ce, "Inna, shekara tara ba ta yi magana ba." Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun dawowarsa. Na ce ya buɗe, amma ya tara kusoshin a kwano.

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya

Kowace Alhamis da safe Maharazu yana zuwa ofishin jandarma ya sa hannu a littafi, su ga yana gari. Ya je, ya dawo.

Asabar, 9 ga Maris, bayan azahar

Lampun ba fitila ba ce, ko da yake haka ake kiran ta. 'Yar kwalba ce kamar babban yatsa, da ƙafafu tara a gindi. A cikinta akwai wani siririn zare na ƙarfe, filama, wanda sai ya yi ja da zafi kafin ta iya aiki. Na tambaya aka ba ni amsa dalla-dalla. Na yi kolej a Maraɗi, ba na son a ce mini "ba za ki gane ba".

Wuta daga gurup ɗin Alhaji Umaru maƙwabcinmu, wato injinsa na ba da lantarki, muka jawo ta kan katanga. Yana tayar da shi daga hantsi zuwa la'asar don firigonsa na ruwan sanyi. Sayar da ruwan sanyi a shekarar da rijiyoyi ke kafewa, ban ce komai ba. Ya ba mu wayar da fara'a, Allah ya saka masa.

Hannun Maharazu na dama yana rawa in ya ɗauki ƙarfen narka dalma. Da can ba ya yi. Na ce kawo in riƙe maka wayar, idona ya fi naka. Ya miƙo.

Baba yana kwance a inuwar zaure yana kallo. Ya ce, "Kai, makerin kwalba, wannan abu naka in ya fashe ni za ya kashe ko kai?"

Maharazu ya ce, "Tsoho, in ya ji warin tabarka shi ne zai fara mutuwa."

"Ka ga mutumin banza. Ko mata ba shi da ita, sai lampu."

Na ce su biyun su ji kunya. Ba su ji ba. Rana ce mai daɗi.

Litinin, 11 ga Maris, da hantsi

Gwajin farko. Baba ya kafa sharaɗi: shi kaɗai zai kasance a ɗaki in zai yi magana. Aka ɗaure masa mikuro, abin ɗaukar murya, a jikin sandarsa, aka jawo doguwar waya zuwa zaure inda akwatin yake. Na zauna a tsakar gida ina tsince dawa. Ban saurara ba, ba halina ba ne.

Da aka juyo kaset sai wani ƙugi ya cika zauren, kamar rina ta shiga tulu. Can ƙarƙashinsa ana jin kamar mutum yana motsa baki, amma ko kalma ɗaya ba ta fita.

Maharazu ya ce wutar gurup ba miƙe take tafiya ba, kai-da-komowa take yi sau hamsin kafin ka ƙifta ido. Da ita ake ɗumama filama, filama ta ɗauki rawar, ta zuba ta cikin murya. Akwatin kuma ba ya bambanta tsoho da ƙugi, duk abin da ya samu ɗagawa yake. Mai murya da ƙarfi zai danne ƙugin. Baba ba zai iya ba.

Na ce haka yara suke. Wanda aka raina a gidan hayaniya, da hayaniya yake fita duniya.

Baba ya gaji ƙwarai. Ya ce maganar ba irin wadda ake maimaitawa kullum ba ce.

Alhamis, 14 ga Maris, bayan la'asar

Ya je da safe. Ƙarfe goma sha ɗaya bai dawo ba. Sha biyu bai dawo ba.

Na share gida sau biyu. Na wanke abin da na riga na wanke. Daga nan na shiga zaure na ga teburinsa, na ce bari in kintsa masa. A cikin akwatin akwai wayoyi biyu, ja da baƙa, masu kai wuta ga filama, a murɗe da juna kamar kitson da yarinya ta yi wa kanta. Na ce ga dalilin ƙugi. Ta yaya abu zai yi magana sarai alhali cikinsa a cukurkuɗe? Na warware su a hankali, na miƙar da su, na jera su tare da wayar mikuro, na ɗaure duka da farin zare tsaf. Ya yi kyau kamar layin kaye.

Ya dawo bayan azahar. Ya sha ruwa, ya ce an sa su jira ne kawai. Ban tambaya ba.

Da ya kunna akwatin, ƙugin ya ninka har kazar ta gudu. Ya buɗe ya duba, ya dube ni. Sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har ya zauna ƙasa ya riƙe ciki, Baba yana tambaya daga ɗaki, "Mi ya faru? Ya fashe?"

Ashe da gangan ake murɗe su. In suna a murɗe, rawar ɗaya tana kashe ta ɗayar. Ni kuma na raba su, na kuma kwantar da su jikin wayar da ta fi kowace jin abu.

Na ce ba tarbiyya ba ce mutum ya yi wa uwarsa dariya. Amma wata biyu da rabi ban ji wannan dariyar ba, don haka ban tsawaita faɗan ba.

Na ce in murɗi ake so, nasa ma ba murɗi ba ne. Na karɓi wayoyin na murza su a cinya yadda Innarmu ta koya mini tukar igiya, kowane zagaye daidai da ɗan'uwansa. Ya maƙala su can gefen akwati, nesa da ta mikuro. Ƙugin ya ragu fiye da na farko. Ya ce ko a Yamai bai ga mai murɗi irin wannan ba.

Ya ragu, amma har yanzu ya fi Baba murya.

Asabar, 16 ga Maris, da hantsi

Yau ya cire filama daga wutar gurup, ya ba ta batir huɗu na tocila. Wutar batir miƙe take tafiya, ba ta rawa. Ƙugi ya ɗauke ɗif. Na yi magana a mikuro daga ɗaki, na ji kaina a kaset sarai, har na lura ina da kaifin murya fiye da yadda na zata.

Kafin a tayar da Baba a jingina shi, jan filama ya fara dushewa. Batiran tsofaffi ne, zafi ya cinye su tun a kanti, kuma tun da aka rufe iyaka sababbi ba sa shigowa. Batirin mota kuwa sai na Mai Nasara, shi kuma yana hanya.

Duk da haka Maharazu ya ji daɗi. Ya ce yanzu mun san maganin: a miƙar da wutar gurup ta zama irin ta batir, a kuma riƙe ta a wuri ɗaya, bolt shida da ɗigo uku. Riƙewar ce wuya. Duk lokacin da firigon Alhaji ya tashi ko ya tsaya, allurar agogon awo sai ta yi tsalle. In wuta ta yi ƙasa lampu ta yi sanyi, in ta yi sama filama ta tsinke. Lampu irin wannan kuma ita kaɗai ce a rediyon.

Litinin, 18 ga Maris, da yamma

Baba bai ci ba yau. Majo, babban malamin asibiti, ya zo ya saurari ƙirjinsa, ya yi masa allura.

Talata, 19 ga Maris, da safe

Bai yi magana ba tun jiya.

Laraba, 20 ga Maris, bayan azahar

Ya sha kunu ludayi biyar. Ya ce wa Maharazu, "Kana ta wasa da kwalba ni kuwa ina tahiya." Da ƙyar muka ji shi, sai da muka sunkuya.

Na zauna kusa da shi ina tunanin abin da zai gaya wa Salifu. Yafiya ce, na sani. Uba yana da ikon yafe abin da ya ga dama. Ni dai abin da na sani, a shekarar yunwar farko an buɗe rumbun iri na gandu ranar da ruwan shuka ya sauka aka same shi wayam, kuma ni da idona na taɓa ganin Salifu ya koro jaki daga bayan rumbun. Da baffanninmu suka tara mutane na faɗi abin da na gani, na kuma faɗi sunan da ake kiran mai yin haka. Wani ne ya kamata ya faɗa, kowa ya yi shiru, na faɗa. Ban taɓa kwana da nauyin wannan ba.

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe goma

Ya je, ya dawo.

Abin da ke riƙe wuta wuri ɗaya sunansa regilatar. Wani abokin karatunsa, Abdurrahamane, mai gyaran rediyo a Mayahi, yana da shi. Maharazu ba ya fita gari. Ya tsaya yana juya takardar da ya rubuta sunan abin a hannu. Na karɓe ta na ce Litinin kasuwar Mayahi ce, kuma ƙafata lafiya lau.

Litinin, 25 ga Maris, bayan magariba

Na je, na dawo, ƙugu yana ciwo saboda motar kasuwa.

Ba zan rubuta duk abin da na gani a hanya ba. Mutanen wajen Isawan sun gangaro, sun kafa bukkoki da tabarmi a bakin gari. Makiyaya da sanduna a kafaɗa, babu abin korawa. Wata mata ta shimfiɗa ƙoren nononta guda shida tana sayarwa, masu zane mai kyau, babu mai tayawa. Mu da muke da rufi da tuwo sau ɗaya a yini, duk wanda ya yi ƙorafi a cikinmu ya nemi gafara.

Abdurrahamane yaro ne mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Ya naɗe mini abin a takarda. Baƙi ne, bai kai ƙwayar dabino ba, da ƙafa uku. Na ce wannan ɗan abin na yi wa tafiyar yini? Ya ce, "Shi ne, Inna." Ya rage murya ya tambayi hannun abokinsa. Na ce da sauƙi. Ashe ya sani.

Ina jiran mota wani tsohon Bafillace ya tsaya yana dubana. Ya ce, "Ke ba ɗiyar Ɗan Malam ta Bawdeta ba ce?" Na ce ni ce. Ya ce sunansa Jaji. Ya kama gaisuwa ba ya sakewa, ya tambayi Baba, ya tambayi Salifu. Ya nuna wani saurayi dogo a bayansa ya ce, "Wannan da ba don gidanku ba, da tun waccan yunwar mun rufe shi." Ya ce in gaishe da Salifu musamman. Na ce zai ji. Yunwa tana rikita tsofaffi, ina jin ya haɗa mu da wasu ne.

Talata, 26 ga Maris, da la'asar

Tun hantsi muke aiki, ni da riƙe waya, shi da dalma. Diyod huɗu masu hana wuta komawa baya, sai wani ɗan gwangwani mai tara ta ya sake ta a hankali, sai regilatar a ƙarshe. Ya sa agogon awo, allura ta hau ta tsaya a shida da ɗigo uku. Muka jira firigon Alhaji ya tashi. Ya tashi, muka ji gurup ya canja murya, allura ba ta ko motsa ba. Sannan ne ya yarda ya haɗa lampu.

Ya ɗora mini abin saurare a kunne. Na ce ban ji komai ba. Ya ce, "Shi ake nema, Inna."

Na ce da mutane za su zama kamar wannan ɗan abin, kome ya zo musu su riƙe hali ɗaya, da duniya ta zauna lafiya.

Aka jingina Baba, aka fita aka bar shi. Minti biyar ba su cika ba jan filama ya mutu. Na ce lampu ta tafi. Maharazu ya taɓa regilatar ya janye yatsa da sauri. Ashe rarar wutar da yake tarewa zafi take zama a jikinsa, in ya yi yawa sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Lampu lafiyarta lau. Baba kuwa bai sani ba, ya ci gaba da magana shi kaɗai har ya ƙare. Da aka gaya masa ya juya fuska bango.

Ana bukatar faffaɗan ƙarfe na alminiyam a ɗaure abin a jikinsa ya riƙa shanye zafin. Mun duba gidan, babu. Kwana biyar suka rage.

Laraba, 27 ga Maris, da safe

Akwai. Murfin babbar tukunyar Innarmu, wadda ake ɗorawa ranar suna da ranar sallah. Tun jiya na san da shi, na yi shiru. Bana me ake dafawa a babbar tukunya? Na wanke shi da toka na ajiye a teburinsa.

Ya ce, "Inna, sai fa na huda shi."

Na ce na sani, ba yarinya ba ce ni. Huda uku ya yi. Na fita tsakar gida lokacin da yake yi.

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe goma da rabi

Ya je, ya dawo. Akwati ya yini a kunne, murfi ya yi ɗumi kawai, allura tana inda take. Baba ya ce gobe, in Allah ya kai mu, kuma daga ita ba zai sake ba.

Juma'a, 29 ga Maris, bayan la'asar

An yi da hantsi, lokacin da ya fi ƙarfi. Alhaji Umaru ya tayar da gurup da wuri saboda mu. Na kulle kazar a akurki.

Da aka gama Maharazu ya saurara shi kaɗai da abin kunne. Ya daɗe. Ya cire ya ce ta fita sarai, ba sai an sake ji ba. Ya fara naɗe waya yana kauce wa idona. Sai Baba ya buga sanda a ƙasa, muka shiga. Ya ce, "Sa mata ta ji."

Har numfashinsa ana ji, har ƙarar gadon kara in ya motsa. Zan rubuta yadda ya faɗa.

"Salifu, ni ne. Ba ni da lokaci mai yawa. Ni na aike ka rumbun nan. Ni na ce ka ɗora wa jaki sawu uku ka kai wa su Jaji, da shanunsu suka ƙare 'ya'yansu suka fara bi. Na ce kada ka gaya wa kowa, don iri na gandu ne, ba nawa ni kaɗai ba. Ranar da aka tara mutane ka dube ni. Na ga ka dube ni. Na ji tsoron yayyena na sunkuyar da kai. Yayarka ta faɗi abin da ta gani, ni da na san sauran na bar ta ta faɗa. Shekara goma sha ɗaya ka riƙe mani amana, ni ban riƙe maka komi ba. Ka yafe mani. In ka iya zuwa ka zo. In ba ka iya ba, na dai faɗa."

Daga nan sai shirun kaset, mai tsabta, babu ko ɗan ƙugin da mutum zai ɓuya a bayansa.

Na tashi na dafa tuwo. Ya yi gishiri da yawa, haka muka ci shi.

Asabar, 30 ga Maris, da hantsi

Na karanta abin da na rubuta ranar ashirin ga wata. Na so in yage shafin. Na bar shi.

Ɓarawo na ce masa, gaban baffanni da matansu da yara. Sannan na bi shi da wasiƙa goma sha huɗu ina koya masa tuba.

Bayan kaset ɗin babu komai. Na ce wa Maharazu ya juya shi, ni ma ina da magana. Na shirya shafi biyu tun asuba, da gabatarwa da dalilai, har na kawo cewa duk wanda ya ga abin da na gani haka zai zata. Na zauna gaban mikuro ina jiran filama ta yi ja. Tana ɗaukar lokaci, ba a gaggauta ta. Kafin ta gama ja na sake duba shafukan, na ga wasiƙa ta goma sha biyar ce.

Na kife su a cinya. Na ce, "Salifu, Zara'u ce. Na yi maka ƙarya ban sani ba, kuma rashin sanin bai wanke ni ba. Ka yafe mini. Jaji yana gaishe ka, yaron ya girma." Na so in ƙara, murya ta ƙi. Na yi wa Maharazu hannu ya kashe.

Ya ce, "Inna, ko a sake? Ana jin kina..."

Na ce a bar shi yadda yake.

Lahadi, 31 ga Maris, bayan azahar

Na ɗinke kaset cikin ƙyalle biyu, na rubuta suna a kai. Na kai wa Mai Nasara tasha da kaina, na ce kada ya ajiye shi inda rana ke bugu, kada kusa da injin, kuma hannu da hannu. Ya ce, "Hajiya, ko jariri ne ai ya isa haka." Na ce ban je Makka ba, kada ya ɗora mini abin da ban yi ba. Ya sa shi a aljihun ƙirji.

Alhamis, 4 ga Afrilu, ƙarfe goma

Ya je, ya dawo. Baba ya ci tuwo loma bakwai.

Laraba, 10 ga Afrilu, da yamma

Zafi ya kai inda ya kai. Liman ya aiko a duba masa lasifikar masallaci, ita ma tana ƙugi. Maharazu ya ce ni zan murɗa wayoyin. Yau ya riƙe ƙarfen dalma shi kaɗai na ɗan lokaci.

Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai Baba ya buɗe ido.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ya je, ya dawo.

Laraba, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Mai Nasara ya yi sallama da azahar, ko gida bai je ba. Ya ciro wani kaset daga aljihun ƙirji, a naɗe cikin ƙyallena.

Muka sa shi a ɗakin Baba. Ƙugi ne tun daga farko, ga ƙarar motoci, ga kukan jariri. Na ce wa Maharazu ya gyara. Ya ce wannan an riga an ɗauke shi tare da muryar, babu akwatin da zai raba su. Ba a ma bukata. Salifu tun yana yaro in ya yi magana a gona ana jin sa a gida.

Ya gaishe da Baba ya fi sau goma. Ya ce babu abin yafewa, ya sake faɗa, sannan daga baya ya ce to, ya yafe. Ya ce ya nemi izini a wurin aiki, zai zo kafin azumi da matarsa da yara huɗu, kuma ya sa a nemo masa irin gero ko tiya goma ne. Baba yana kwance ido rufe, leɓensa yana motsi.

Can ƙarshe ya ce, "Yaya Zara'u, na ji ki. Ban taɓa jin kin yi magana gajera haka ba, har na tambayi Mai Nasara ko lafiya kike. Wasiƙunki suna nan duka. Da su A'i ɗiyata take koyon karatu. Ta ce wannan gwaggo ta iya rubutu, amma ta cika faɗa."

Baba ya yi dariya har tari ya kama shi. Maharazu ma. Na ce yarinyar da ke faɗin haka a kan babba tana bukatar gyara, kuma zan gyara ta in ta zo.

Alhamis, 18 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya

Ya je, ya dawo.

Na ce ya kwance mini murfina daga jikin akwatin, ya nemi wani ƙarfen. Mutum shida za su ƙaru a gidan nan, babbar tukunya za a ɗora.

Ya ce, "Inna, huda uku gare shi fa."

Na ce na ƙirga su tun ranar. Tururi ma yana son hanya. Ya kawo, na wanke shi, na kife a kan tukunyar. Ya zauna daidai.